WhatsApp Communities wajen tafiyar da ƙungiya: ina ya yi, ina ya gaza

Tun 2022 WhatsApp ya fito da Communities, wato rumfa ɗaya da ke tara gurup-gurup da yawa a ƙarƙashinta. Ga ƙungiya a Yamai mai kwamitin zartarwa da reshen unguwanni, tsarin ya dace: gurup na shugabanni, gurup na ma'aji da masu binciken kuɗi, sai zauren sanarwa inda admin kaɗai ke rubutu. Kowane gurup na ɗaukar mutum har 1,024.

Abu na farko, a kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga. In ba haka ba, link ɗin gayyata ya zaga gari, ka wayi gari da baƙi cikin gida. A kuma naɗa admin biyu ko uku, domin waya na ɓata.

Inda ya gaza shi ne sirri. Cikin gurup kowa na ganin lambar kowa. Ƙuri'ar da ake kaɗawa a ciki ma ba ta ɓoye ba ce, ana ganin wa ya zaɓi wa. Ta isa a tsai da ranar taro, amma zaɓen shugaba da ita rigima ce kawai, gara takarda da akwati. Saƙo mai goge kansa bayan kwana 7 ko 90 yana rage tarkace, sai dai ya kan tafi da shawarar da aka yanke, don haka sakatare ya riƙe littafinsa. Lissafin cotisation kuwa, wato kuɗin da 'yan ƙungiya ke biya, babu shi sam.