Gargaɗi ga masu gidajen gem a Kebbi: sitiyarin da ake tallatawa da sunan G29 ba shi ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gidajen gem da masu sha'awar wasan tseren mota a Birnin Kebbi, Jega, Argungu, Aliero da kewaye. Akwai wani mutum da ke tallar sitiyarin wasa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, yana cewa Logitech G29 ne na hannu da aka shigo da shi daga Turai, kuɗin da yake faɗa kuma bai kai rabin na shago ba. Kada ku tura masa ko sisi. Sunansa ba ɗaya ba ne, lambar asusun ma canza ta yake yi, shi ya sa ban ga amfanin rubuta su a nan ba, gobe zai fito da wasu. Yadda yake aikin ne ba ya canzawa.

Sana'ata gyaran PS da kwamfuta, kuma kayan da ya aiko wa mutane sun zo teburina na kwance su da hannuna. Abin da na gani nake faɗa.

Da bidiyo yake farawa. Za ka ga G29 na gaske a ɗaure a tebur, ana buga wasan tseren motar nan DiRT Rally 2.0, sitiyarin yana fizgar hannun mai tuƙi a kan hanyar tsakuwa. Bidiyon ba nasa ba ne, na wani ne ya kwaso. In ka yi masa magana sai ya amsa da Hausa mai daɗi, ya kira ka ɗan uwa, ya ce saura guda biyu kuma wani daga Sakkwato na nema. Zai ce ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran in kaya sun iso tasha. Wasu daga nan labarinsu ya ƙare, ya toshe lambarsu. Waɗanda ya ga za su iya cika sauran kuɗin kuwa yana aiko musu da kaya ta motar haya, a cikin kwalin Logitech na gaske, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Da mota ta shigo tasha sai kira ya fara: direba zai wuce, a tura ciko kafin a karɓa. Mutum ya ga kwali da hoton G29 a jiki, ya ɗaga ya ji nauyi, sai ya tura. Direban bai san komai ba, kuɗin dako kawai aka ba shi.

Wani yaro da ke kula da gidan gem ɗin yayansa ne ya fara kawo mini nasa. Ya ce, "Oga, don Allah duba mini, kamar injinsa bai tashi ba. Jijjiga kawai yake yi." Na tambaye shi ina adaftar wutar. Ya ce ba a sa ta a kwali ba, mai kayan ya ce wannan sabon samfuri ne, USB kaɗai ya ishe shi. Na ce, "Ƙanena, zauna tukuna."

Na kwance sukurorin ƙasa na ɗaga murfi. Igiyar roba ce mai kauri a ɗaure a sandar sitiyarin, ita ke dawo da shi tsakiya in an saki. Gefe da gefe akwai ƙananan injina biyu masu ɗan ƙarfe a baki, irin waɗanda ke cikin hannun PS ɗin da kuke bugawa kullum, masu sa shi rawa in an ci ƙwallo. Sai ɗan allon wuta da bai kai tafin hannu ba. Sauran wurin duk fili ne. A can ƙasa an liƙa guntayen ƙarfe da gam don kwali ya yi nauyi. Tambarin da ke tsakiyar sitiyarin sitika ce, da farce na ɓare ta.

G29 na gaske, wanda ya fito tun 2015, injina biyu ne manya a cikinsa da ke juya sandar ta hanyar haƙoran giya. Wutar USB ba za ta iya ɗaukarsu ba, don haka dole yana da adafta tasa mai bolt 24 da ake sawa a soket. Yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. An naɗe shi da fata, filafilan canjin giya da ke bayansa na ƙarfe ne, fedarsa uku: totur, birki da kuloci, birkin kuma yana da tauri in ka danna shi ƙasa. Na yaron nan rabin zagaye yake yi ya tsaya, feda biyu na roba.

Wani zai ce to mene ne, ai duk tuƙi ne. A wasan da ake tsere a kan kwalta mai faɗi ana ta karo da motoci, wataƙila ba za ka damu ba. A rali kuwa, wato tseren da mota ɗai-ɗai ke bin hanyar tsakuwa, kwalta ko ƙanƙara ana auna lokacinta, abin da ka biya kuɗi dominsa shi ne aka cire. Wasannin rali na kirki suna lissafa riƙon da kowace taya ke yi wa ƙasa a kowane lokaci, su aika wa injinan sitiyari, injinan su mayar da wannan ƙarfin hannunka. Shi ne masu harkar ke kira fos fidbak. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota a kan burji bayan an ɗauke ruwa ya san hannu ke fara sanin mota ta fara santsi kafin ido ya gani, to haka abin yake a nan. Ka shiga kwana da gudu fiye da kima, tayoyin gaba suka daina riƙo, sai sitiyarin ya yi sakayau a hannunka, ka san ƙara murɗawa ba zai yi amfani ba, sai dai ka ɗaga ƙafa. Ka taka birki, nauyin mota ya koma gaba, sitiyarin ya yi tauri, baya ya yi sauƙi ya fara zamewa, sai ka ji sitiyarin da kansa yana juyawa ɓangaren da bayan ya nufa, aikinka ka bar shi ya tafi sannan ka kama shi a daidai lokaci. A kwaltar Sifaniya yana da nauyi da kaifi. A tsakuwar Ajantina yana ta harbin hannu saboda duwatsu da gargada. A ƙanƙarar Monte Carlo kusan ba ka jin komai, kuma wannan rashin jin shi ne gargaɗin. DiRT Rally 2.0 ma har lalacewar hanya yake kwaikwaya, wanda ya tashi a baya yana tarar da ramukan da motocin gaba suka haƙa, duk kuma ta hannu ake jin su.

Igiyar roba ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tsakiya kawai take ja, ko a kwalta kake ko a ƙanƙara, ko mota tana tsaye. Mafi muni, lokacin da baya ya zame kana buƙatar sitiyari ya bi shi, ita tana ja da kai baya. Ga rabin zagaye: ɗan motsi kaɗan ya zama murɗa mai yawa, mota ta yi ta lilo a miƙaƙƙiyar hanya. Gaskiya ne motocin rali ba sa buƙatar zagaye da yawa, masu buga wasan da dama kan rage nasu zuwa digiri 540, amma tsakanin 540 da 180 akwai tafiya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya tona asirin tun a ranar farko. Irin waɗannan sitiyarin masu araha, in za a haɗa su da PS4, sai an jona hannun PS na asali a jikinsu da waya. Dalili shi ne na'urar ba ta san su a matsayin sitiyari ba, hannu take gani. Wasan ma sai ya ɗauke su a haka, ya sa musu tacewar da yake yi wa 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa a hannun PS. G29 kai tsaye ake jona shi, yana da ɗan makunni a sama na zaɓen PS3 ko PS4, a PS5 ma a kan PS4 ake barinsa, kuma wasan zai gane shi a matsayin sitiyari a wurin saiti.

Da wani mai gidan gem ya samu mutumin a waya ya yi masa ƙorafi, amsar da ya ba shi ta nuna ya san harkar, ba da kuskure yake yi ba. Cewa ya yi ai laifin wasan ne, kowa ya san fos fidbak ɗin DiRT Rally 2.0 ba shi da ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: lokacin da wasan ya fito a 2019 mutane sun yi ta kuka da hakan, Codemasters, kamfanin da ya yi wasan, kuma suka gyara a sabuntawar da suka biyo baya. Har yau akwai masu cewa tuƙin kwalta a wasan bai kai na tsakuwa ba, ni ma ina cikinsu. Amma wannan gardama ce ta waɗanda sitiyarinsu ke da inji. Babu sabuntawar da za ta sa igiyar roba ta zama inji.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Ka sa adafta a wuta, ka jona USB, ka ɗauke hannunka. G29 zai juya da kansa har ƙarshen gefe ɗaya, ya koma har ƙarshen ɗayan, ya dawo tsakiya ya tsaya. In bai motsa ba, ko dai ba shi ba ne ko ya mutu, duka biyun ba abin saye ba ne. In daga nesa ake cinikin, ka ce a yi kiran bidiyo kai tsaye, a rubuta sunanka a takarda a ajiye kusa da shi, a jona shi kana kallo. Mutumin nan bai taɓa yarda da haka ba, kullum netwok ne ba kyau ko yaron shago ya fita da makulli. A tasha kuma a buɗe kwali kafin a tura ciko, ko direba na sauri. Wanda yake da PS ya lura da wani abu: G920 ɗan uwan G29 ne, na gaske ne, amma na Xbox da kwamfuta ne, ba zai yi aiki a PS ba.

Yana haɗawa da tallar wasanni, nan ma ƙarya ce a fili. Yana cewa zai loda EA Sports WRC a PS4 in ka ƙara kuɗi. Wasan nan ya fito a Nuwamba 2023 a PS5, Xbox Series da kwamfuta, ba a yi shi don PS4 ba sam. Mai PS4 da ke son hanyoyin Safari na Kenya sai ya nemi WRC Generations na 2022. Yana kuma sayar da filashi da sunan "sabon Richard Burns Rally". Wasan 2004 ne, an sa masa sunan direban Ingila da ya ci gasar duniya a 2001 ya rasu a 2005, kuma har yau masu son tuƙi mai wuya suna girmama shi. Sababbin motoci da hanyoyi da lissafin tuƙin da ke cikinsa yanzu masoyansa ne suka ƙara, kyauta suke rabawa a intanet, a kwamfuta kaɗai suke aiki. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne fayil ɗin da yake tura wa yara wai DiRT Rally na waya. Babu shi. In ka sa shi zai nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin sirrin banki ke shigowa. Wanda ya sa ya goge, ya canza lambar sirrinsa yau. Mai son rali a waya akwai Rush Rally 3 a Play Store.

Ra'ayina, in kuɗinka bai kai na sitiyari mai inji ba, ka zauna a kan hannun PS. Akwai yaran da ke zuwa shagona da ke cin lokaci mai kyau da shi, saboda sun koyi sauraren mai karanta hanya, wato muryar da ke faɗa wa direba irin kwanar da ke gaba. A DiRT Rally in ya ce shida kwanar buɗaɗɗiya ce, in ya ce ɗaya matsattsiya ce, wanda ya riƙe wannan ya taka birki da wuri zai wuce mai sitiyarin roba ko da yaushe. Shi kansa sitiyarin robar ba haram ba ne in an sayar da shi da sunansa a kuɗinsa, yara ƙanana suna jin daɗinsa. Amma don Allah wanda aka cuta kada ya mayar da shi kwali ya nemi wani ya sauke masa. Na ji an fara haka, kuma garin nan ƙarami ne.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a rubuce, da rasit ɗin turawa da lambar asusun da aka tura. Kada ka goge hirarku, ka ɗauki hotonta duka, har da tallar da ya sa kafin ya cire ta. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, EFCC kuma tana da ofishi a Sakkwato da ke kula da Kebbi da Zamfara. In ku da yawa ne ku haɗu ku tafi tare, an fi saurarenku. Ku bar direbobi da 'yan kamasho, rigima da su a tasha ba za ta dawo da komai ba, sai dai ku tambaye su cikin mutunci inda aka ɗora kayan da lambar wanda ya kawo.

Wani abokin sana'ata a Gusau ya ce tallar ta fara yawo a guruf ɗinsu da sabon suna da sabon asusu. Bidiyon dai shi ne: tebur baƙi, koren labule a baya, hannun mai tuƙin sanye da agogo. Wanda yake da 'yan uwa masu gidan gem a Gusau, Talata Mafara ko Ƙaura Namoda ya tura musu wannan.