Na'urar ji ta bayan kunne: wata takwas a kunnen Baba

Da za a tsayar da mutane a Kasuwar Barci a tambaye su wanne za su fi jin zafin rasawa, ido ko kunne, ina jin kusan kowa ido zai ce. Ni ma a da haka zan ce. A gidanmu ma mun nuna hakan a aikace. Lokacin da yanar ido ta fara rufe wa Baba idon hagu, cikin mako biyu muka haɗa kuɗin aiki. Kunnensa kuwa ya yi wajen shekara shida yana raguwa, ba wanda ya ce a je asibiti. Sai mu ce ai tsufa ne, mu ƙara ɗaga murya.

Baba ya yi shekara 22 a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, nan Kaduna, inda ya ce da hannu suke magana saboda rurin injuna. Daga baya ne aka yi mana bayani cewa ƙarar da ta haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, idan mutum yana yini a cikinta kullum, tana kashe wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi a can cikin kunne, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Tsufa ya zo ya ɗora a kan wannan.

Abin da ya tayar min da hankali ba ƙarar rediyonsa ba ce da maƙwabta ke ji. Majalisa ya daina zuwa. Mutumin da bayan la'asar ba a samunsa a gida, sai ga shi zaune a zaure shi kaɗai. Na tambaye shi, ya ce: "Su yi dariya ni ma in yi, ban san me aka faɗa ba. Gara in zauna." Wani abokinsa ma har ya yi fushi, wai ya yi masa sallama sau biyu a hanya ya ƙi amsawa. Makaho kowa na ganin sandarsa, a kama hannunsa a tsallakar da shi titi. Wanda jinsa ya ragu ba abin da ake gani a jikinsa, sai a ɗauka girman kai ne ko rikicin tsufa.

Da farko mun yi kuskure. Ƙanena ya sayo wata 'yar na'ura a wani shagon kayan lantarki, naira 12,000, mai caji. Irin wannan ba ta san kunnen kowa ba, duk abin da ya shigo ƙara masa ƙarfi take yi: fanka, janareto, cokali a kwano, kukan akuya. Kwana biyu Baba ya yi da ita ya ce kansa na sarawa, ya jefa ta cikin durowa. Kar ku sayi irinta, ko kyauta aka ba ku ku yi tunani.

Sai muka je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Aka duba kunnen, aka wanke dauɗar da ta taru, sannan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa masa abin sauraro a kai, aka ce duk lokacin da ya ji ɗan sauti ya ba da alama. Takardar gwajin ce ta warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Sauti mai kauri yana jinsa ba laifi, siririn ne ya tafi. Shi ya sa yake jin yayanmu mai babbar murya amma ba ya jin Hajiya da jikoki, har Hajiya take cewa da gangan yake yi. Shi ya sa kuma "tsaya" da "saya" duk ɗaya ne a wurinsa, haka "sata" da "fata". Ihun da muke yi masa bai taɓa maido masa da waɗannan haruffan ba.

Da wannan takarda muka sayi na'urar da nake magana a kanta, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne, da ɗan siririn bututu zuwa wata roba da aka zuba daidai ramin kunnensa. An saita ta da kwamfuta bisa sakamakon gwajin, ta ɗaga siririn sauti ta bar mai kauri kusan yadda yake. Kuɗinta ya kai na ragon layya biyu masu kyau, don haka guda ɗaya muka iya saya, ta kunnen dama, ko da yake biyu aka ce ya dace.

Ranar da aka saka masa, muna shiga gida 'yar ƙanwata mai shekara huɗu ta ce daga bayansa, a hankali, "Kaka, ka kawo min alewa?" Ya juyo. Shekara nawa rabon da a yi masa magana ta baya ya juyo! Ya ce, "Amaryata, ashe haka muryarki take?" Hajiya ta tashi ta shige ɗaki, na san hawaye ta je sharewa.

Ba daga ranar komai ya daidaita ba. Makon farko ya yi ta ƙorafin cewa muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa, tauna ƙuli-ƙuli ma ƙara take yi masa. An gaya mana ya riƙa sawa awa biyu zuwa uku a rana yana ƙarawa, har ƙwaƙwalwa ta saba. Sai da aka yi wajen wata guda, aka kuma koma aka ɗan rage saitin, sannan ya daina cirewa. Yanzu a cikin ɗaki, mutum biyu ko uku, hira yake yi sosai, kuma a masallaci yana jin kabbarar liman ba sai ya saci kallon na gefensa ba. A wurin ɗaurin aure ko kasuwa kuwa har yanzu yana shan wahala, muryoyi cakuɗewa suke yi. Wanda ya ce muku za ta maido da kunne kamar na yaro, ba gaskiya ya faɗa ba.

Alwala ce babbar matsalarmu. Na'urar ba ta son ruwa, ga shafar kunne sau biyar a rana. Sau biyu ya manta ya jiƙa ta, Allah ya taimaka ta bushe ta tashi. Na samo masa 'yar ƙaramar jaka yana sa ta a aljihun gaba kafin ya ɗauki buta, ya kuma tsane kunnen kafin ya mayar. Idan ya danna hula ta taɓa ta, ko robar ba ta zauna daidai ba, sai ta kama wani siririn fito da kowa ke ji ban da shi. Da damina gumi da laima, da hunturu ƙura, don haka kowane dare sai an goge ta an sa a kwalbar busarwa.

Batirinta lamba 13 ne, mai 'yar takarda ruwan lemo a manne. Da iska yake aiki, saboda haka da zarar an ɓare takardar ya fara ƙarewa ko ba a saka ba. A ɓare, a jira kamar minti ɗaya, sannan a saka. Yana yi mana kwana goma zuwa goma sha biyu. Ba kowane kemis ke da shi ba, ni kati uku nake saya lokaci guda. A ɓoye shi daga yara, haɗiye shi haɗari ne babba.

Muna cewa gani ya kori ji, amma dubi yadda Bahaushe ya loda wa kalmar "ji" kaya: da ita muke jin ƙanshi, mu ji daɗin miya, mu ji zafi da sanyi, mu ji Hausa, yaron kirki ma mai jin magana ne. Gani bai ɗauki kaya haka ba. Ban taɓa lura da wannan ba sai da na ga Baba da idanu biyu garau, yana zaune a tsakiyar iyalinsa ba ya cikin hirar.

Ya koma majalisa tun watan azumi, shi da abokin nan nasa sun shirya. Mun fara adashe ni da 'yan'uwana don ta kunnen hagu, domin har yanzu idan aka kira shi daga wannan ɓangaren sai ya waiga ta dama yana neman mai magana.