Littafin Zane ko na Labari: Wanne Ya Fi Fahimtar da Ciwon Damuwa?

Mutane a Kaduna suna yawan tambaya wane littafi za su saya wa mai ciwon damuwa: mai zane ko mai dogon labarin wanda ya yi fama da ciwon.

Ciwon yana rage natsuwa, har mutum ya kasa gama shafi ɗaya. A nan mai zane ya fi sauƙi, domin hoto da jimla biyu sun isa su nuna yadda tashi daga gado ke zama aiki. Sai dai yakan fi tsada saboda bugun kala, kuma da wuya a same shi a gwanjo.

Na labari ya fi zurfi: rashin barci, ƙin abinci, jinkirin magani da kan ɗauki makonni kafin ya fara aiki. Haɗarinsa shi ne wasu suna bayyana tunanin kashe kai dalla-dalla, don haka a fara dubawa kafin a miƙa wa mara lafiya.

Mai zane ya dace da wanda ciwon ya kama yanzu. Na labari ya fi amfanar miji, mata ko iyaye masu jinya. Idan alamun sun kai mako 2, a je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.