Yaya, ga yadda maganar rajistar tambarin nan ta kaya a Ingila

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, a gaida min su Hajiya da kowa da kowa. Naji ance tunda na turo sakon cewa ofishin rajista sun yi korafi akan sunan kayanmu hankalinka ya tashi, har kana cewa shikenan kudi sun bi ruwa. To kwantar da hankalinka, korafi daban kin karba daban, bari in warware maka yadda abin yake anan da inda ya sha bamban da gida tunda kaima kana shirin yin naka.

Ofishin da ke wannan aikin sunansa IPO, hedikwatarsa na Newport a yankin Wales, amma fa ba sai ka taka kafarka can ba, komai ta intanet ake yi. Lokacin da na shigar fam 170 ne kudin aji daya, duk ajin da ka kara fam 50, kuma fom daya ya isheka. Kasan kaya da ayyuka an kasa su aji 45 ne, daga 1 zuwa 34 kaya, sauran ayyuka, mu namu aji 25 na sutura da aji 18 na jakunkuna. Bayan 'yan makonni rahoton mai dubawa ya fado a imel, da sunansa da lambar wayarsa a jiki, kuma wallahi ka kira a dauka, ba zai zame maka lauya ba amma zai fada maka abinda yake nufi dalla-dalla.

Abu uku ya kawo. Na farko yace jerin kayan da na rubuta yayi fadi, wai in fayyace wane irin kaya nake nufi, wannan ba wata matsala bace, gyaran rubutu ne. Na biyun ne babba. Dokarsu ta 1994 a sashe na 3 ta hana a yiwa suna rajista in dai sunan siffanta kayan kawai yake, ko kuma bai da wani abin da zai sa mai saye ya gane daga hannun wa kayan suka fito, shi kuma yana ganin namu kamar yana bayanin laushin yadi ne, kuma ba za'a baiwa mutum daya kalmar da duk mai sayar da riga yake bukata ba. Gaskiya da na nutsu naga dokar tana da ma'ana, ko ni ba zan so wani ya kulle kalma irin wannan ya hanani amfani da ita ba. Aka bani wata biyu in amsa, da ranar karshe a rubuce.

Amsar ita ce wurin aiki, kuma anan ne mutanenmu da yawa ke kwafsawa don sai su rubuta roko, "ku taimaka, na kashe kudi, na riga na buga leda da kwali". Ba wanda zai karanta maka wannan da idon tausayi, ba don mugunta ba, mai dubawar bai da hurumin haka ne. Abinda yake so ka dauki sashen da ya ambata ka nuna masa inda bai hau kanka ba. Ni nace masa sunan nan kalmomi biyu ne da aka hada aka sauya musu rubutu, babu shi a kamus, 'yan kasuwar sutura ba sa kiran yadi da shi, mai saye sai ya dan yi tunani kafin ya kai ga maganar laushi, kaga ishara ce ba siffa ba, sannan na cire wasu kayan da korafin yafi karfi akansu. Cirewa ana yarda, karawa ne ba'a yi, haka shi kansa tambarin ba zaka sake masa kamanni ba bayan ka shigar, in kana son sa masa zane sai dai sabon fom da sabon kudi. Akwai wata hanyar ta kawo hujjar cewa ka dade kana amfani da sunan har jama'a sun sanka da shi, rasidai, tallace-tallace, yawan ciniki na shekaru, amma dole hujjar ta zama ta kafin ranar da ka shigar ce, mu kuwa jiya-jiya muka fara, wannan kofar ba tamu bace. In duk bai gamsu ba sai ka nemi zama da wani jami'in daban ta waya ko bidiyo, in can ma ba'a dace ba akwai daukaka kara. Mu dai bamu kai nan ba, ya janye.

Na ukun shine ya bani mamaki. Yace akwai wani tambari mai kama da namu da aka yiwa rajista tun da, amma shi ba zai hanamu ba saboda wannan, in mun ci gaba zai sanar da mai shi ne kawai. Tun 2007 suka koma haka, ofis baya yiwa kowa fada akan kayansa, mai kaya shi zai tashi. Ana buga tambarinka a mujallarsu da ke fita duk Juma'a, a jira wata biyu, wanda ke tunanin kalubalantarka zai iya cike fom TM7A ya mayar dashi wata uku, in ya shigar da TM7, wato fom din kalubalen, kai kuma wata biyu gareka ka mayar da TM8, fom din kare kanka, wannan kam ba'a wasa dashi, in ya wuce a dauka ka hakura da tambarin. Ta bangare daya naji dadi don an barmu mun wuce, ta daya bangaren kuma sai na tuna gobe wani zai shigo da mai kama da namu haka za'a bude masa kofa, nine zan zauna gadi in biya kudin kara. Mu dai wancan mai tambarin bai ce uffan ba, setifiket ya fito na shekara 10.

Inda aikinsu bai burgeni ba, kudin fom ba'a mayarwa ko an ki ka, lauyoyin wannan fannin kuma tsada kamar me, awa suke kirga maka. Sannan da zarar adireshinka ya fita a mujalla wasikun 'yan damfara zasu fara shigowa, takarda tsaf da hatimi kamar ta gwamnati wai ka biya kudin saka ka a wani kundi, ofishin da kansa yana gargadi akansu.

Amurka tafi zafi. Can mai dubawar USPTO, wato ofishin tambarinsu, da kansa zai ki ka in yaga tambarinka zai rikita mutane da na wani, wa'adin amsa wata uku ne tun Disamban 2022, a da shida ne, in kana son kari sai ka biya, kuma tun 2019 duk wanda mazauninsa ba Amurka ba dole sai ya dauki lauyan can. Ofishin tambari na Tarayyar Turai yana Alicante a Sifen, yuro 850 aji daya ya rufe maka kasashe 27, saidai Ingila bata ciki tunda suka fita, dole kayi biyu.

To gida fa. Abu na farko Yaya, takardar CAC da kake ta tinkaho da ita rajistar sunan kasuwanci ce, ba ta tambari ba, wani zai iya zuwa ya yiwa sunan nan rajistar tambari alhali kana rike da ita. Ofishin tambari yana karkashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari a Abuja, dokar da suke aiki da ita ta 1965 ce, anyi mata dan gyara a 2023 aka fito da maganar ayyuka karara. Can kowane aji fom dinsa daban, kaga mu biyu zamu cike. Za'a baka takardar shaidar an karbi fom, sai a duba, in ba matsala a baka ta amincewa, kuma mai dubawar gida kamar na Amurka yake, in yaga mai kama da naka a kundi shi zai taka maka birki, wanda ni a ganina yafi dacewa da karamin dan kasuwa da bai da kudin gadi. Bayan an buga a mujalla wata biyu ne na kalubale, amma in an kalubalanceka wata daya kacal gareka ka amsa, rabin na nan. Bambancin da ke ci min rai shine mujallar, anan kasan ranar fitarta, a gida kuwa ba duk mako take fita ba, jiran bugawa shi ke cinye lokaci. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14-14.

Kuma kar ka dauka setifiket din nan nawa zai yi mana wani amfani a Najeriya, iyakarsa nan kasar. Akwai tsarin Madrid da mutum ke shigar da fom daya ya zabi kasashe, to Najeriya bata ciki. Nijar ma daban take, su suna cikin OAPI, kungiyar rajistar tambari ta wasu kasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, rajista daya ta hada kasashe 17, in kayan zasu tsallaka can wannan wani lissafin ne na gaba.

Yanzu abinda nake so, ka samu lauya ko ejan da ofishin ya amince dashi, kafin a biya kudin fom yayi bincike a aji 25 da 18 ya turo mana sakamakon a rubuce, kuma ka ce masa duk takardar da ta fito daga ofis ya dauki hotonta ya turo ranar da ta iso, da kwanan watan a jiki. Zan turo maka amsar da na rubuta musu anan ka bashi ya gani, in sun tada maganar laushin yadi a can ma hujjojin zasu yi masa amfani.