Godot ko Unity: Wanne Ya Fi Dacewa da Wasan Ban Tsoro?

Na daɗe ina son ƙirƙiro wasan kwamfuta mai ban tsoro, inda Dodon tatsuniya zai riƙa bin mutum cikin lungunan birnin Zazzau da dare, daga Ƙofar Doka har gindin ganuwa. Manhajojin ƙera wasa biyu na gwada, Unity da Godot.

Unity ta fi yawan darussa a intanet da kayan zane na sayarwa, ana rubuta mata umarni da harshen kwamfuta mai suna C#. Sai dai ta kamfani ce. A 2023 sun sanar da kuɗin da za a biya kan kowace saukewar wasa, suka janye a 2024 bayan ƙorafi ya yi yawa.

Godot kuwa kyauta ce tun 2014, ƙarƙashin lasisin MIT, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Wannan ne ya ja zuciyata. Ba ta da nauyi, ba ta cinye data, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta ko da wuta ta ɗauke ana kan batir. Harshenta, GDScript, ya yi kama da Python, wani sanannen harshen kwamfuta, ɗalibin Samaru zai kama shi da wuri. Wajen haske da inuwar 3D, Unity ta ɗan fi ta, amma duhun lungu nake nema, Godot ta ishe ni.