Sharhina kan manhajar Anki bayan na dawo Alƙahira daga hutu

'Yan uwa masu karatun likitanci a waje, musamman mu na nan Masar, tunda ana ta tambayata ko Anki da gaske tana aiki ko yayi ne kawai, bari in faɗi abinda na gani. Tana aiki sosai wallahi, kuma na fi ganin ƙimarta bayan naje gida dogon hutu na dawo.

Ga wanda bai santa ba, manhajar katunan tambaya da amsa ce, Damien Elmes ya fito da ita a 2006. Tambaya a gaban kati, amsa a baya, in ka tuna sai ta ɗaga katin zuwa wasu kwanaki, in ka sake tunawa ta ƙara nisan, in ka manta ta dawo maka da shi nan take. Duk wanda ya yi hadda ya san tsarin, sabon shafi kullum ake maimaita shi, tsohon izu kuma lokaci lokaci ake zagayowa kansa, ana barin muraja'a sai ya fara zubewa.

To hutunmu na ƙarshen shekara yana faɗowa ne cikin damina a Kano, kuma kowa ya san yadda hutun gida yake, ga biki ga gaisuwar rasuwa ga zagayen dangi, ga gwaggonni da ke miƙo maka takardar gwaji suna cewa likita duba mana alhali kai ko aji huɗu baka gama ba, in wuta ta ɗauke kuma cajin waya ma sai an lallaɓa. Ita Anki bata da maɓallin tsayar da lissafi, ko kana Alƙahira ko kana Ƙofar Mata katunanka suna cika ranarsu suna taruwa. Dana sauka na buɗe, koriyar lambar nan ta bita ta yi yawan da sai da gabana ya faɗi, ga sabunta iƙama (takardar izinin zama) na jirana, ga maganar haya, ga sabon darasi an riga an shiga.

Anan ne ta burge ni. Na mayar da sababbin katuna sifili gaba ɗaya (ita da kanta 20 take bayarwa a rana in baka taɓa saitin ba), na ware waɗanda suka makara a kundi daban, na dinga rage su a cikin metiro kafin mu isa tashar Sayyida Zainab. Bata buƙatar intanet, don haka ko jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa aikinka na tafiya. Kuma katin da ya daɗe da makara amma ka tuna shi, bata mayar da kai farko, sai ta lissafa da wannan jinkirin ta jefa shi gaba sosai, shi yasa tulin yake narkewa da sauri fiye da yadda kake tsoro. Tun fitowar sigarta ta 23.10 a 2023 akwai sabon tsarin lissafi da ake kira FSRS a cikinta, ina ba da shawarar a kunna shi, ni dai bitata ta ragu kuma ban ji ina mantuwa fiye da da ba.

Katin da na fi so shi ne na tsargiya. Hoton ƙwai biyu ne na tsutsar da ke kawo cutar, a madubin likita, na rufe sunayensu, ɗaya ƙayarsa a can ƙarshe, wannan shi ne haematobium mai kawo fitsarin jini, ɗayan ƙayar a gefe, mansoni kenan mai taɓa hanji da hanta, a bayan katin kuma na rubuta maganinta, praziquantel, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki. A asibitin Ƙasrul Aini ɗin nan da muke shiga kullum Theodor Bilharz ya gano tsutsar a 1851, kuma cuta ce da na tashi ina gani a wurin yaran da ke wanka a kududdufi da dam a gida, har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Duk tsawon hutun ban kalli katin ba amma yana fitowa amsar ta zo bakina, sai naji hankalina ya kwanta cewa karatun bara bai tafi ba.

Wani amfanin da mutane basa faɗa shi ne Larabcin marasa lafiya. Lacca da turanci ake yi amma tsohuwar da ke kwance a gado da Ammiyya, Larabcinsu na yau da kullum, zata yi maka bayani, kuma Larabcin islamiyya baya isa wurin. Ina da kundi na kalmomin kawai, sukhuniyya zazzaɓi, kuhha tari, dokha jiri, nahagan haki, wata abokiyar karatuna 'yar Masar ta naɗa min muryarta na saka a ciki. Harshen nan shi ke fara gudu in kaje gida ka koma Hausa zalla, kuma da wannan kundin na fara dana dawo, kafin ma magunguna.

Amma fa a sani, bata koyar da fahimta. Abinda baka gane a lacca ko littafi ba in ka saka shi a kati haddar baki kawai zaka yi, ana juya tambayar a jarrabawa zaka tsaya. Bata kuma koya maka taɓa ciki ka ji saifa ko sauraren ƙirji, wannan sai a gefen gado. Manyan kundayen da ake saukewa irin AnKing don jarrabawar Amurka aka tsara su, suna da kyau amma basa bin jerin darussanmu, inaga gara ka tsinci abinda ya dace ka haɗa da naka na hannu. Fuskarta ma irin ta da ce, farkon shiga saitin sai ka nemi wanda ya iya ya zauna da kai.

Maganar kuɗi, a kwamfuta kyauta ce, a Android ma AnkiDroid kyauta, haɗa waya da kwamfuta ta AnkiWeb shima kyauta. Ta iPhone ce ake biyan dala 24.99 sau ɗaya, wanda a naira ba ƙaramin abu bane ga ɗalibi, wanda bai da hali zai iya buɗe AnkiWeb a burauza sai dai yana cin data. Akwai kuma wasu masu kama da sunanta da basa haɗuwa da ita, a duba da kyau kafin a biya.

Masu shirin tafiya hutun tsakiyar shekara, ku sauke hotuna da muryoyin kundayenku duka da wayfai tun kuna nan, ku tsayar da sababbin katuna tun ana saura mako guda, a gida kuma ko minti 15 bayan asuba kafin gari ya waye a fara sallama ya isa ya hana tulin yin yawa.