Dahab a watan Janairu: iska ta yi halinta, masu hayar kaya suka yi nasu

Taurari uku na bai wa shagon da na yi hayar allo da filafili na wasan zamiya a kan ruwa da ƙarfin iska (windsurfing) a bakin Laguna ta Dahab, wani gari a gaɓar tekun Sina'i a Masar, kuma wallahi biyu daga ciki na yaron da ke tuƙa kwalekwalen ceto ne.

Shi wurin ba shi da laifi. Duk mai zama a Alkahira ya san yadda sanyin Janairu ke ratsa ƙashi. To ka kwana a bas, ka bi ta ramin Ahmed Hamdi a ƙarƙashin mashigin Suez, ka sha tsayawa a shingayen binciken Sina'i, gari na wayewa sai ga ka gaban ruwa garai-garai, duwatsun Saudiyya suna tsallaken. Ɗumin ruwan a hunturu kan kai digiri 21 zuwa 22, ya fi iskar safiya daɗi nesa ba kusa ba. Iskar daga arewa take gangarowa ta mashigin Aƙaba, duwatsun gefe da gefe suna matse ta, ta yi ƙarfi da hantsi, bayan azahar ta fara lafawa. Amma kada hotuna su ruɗe ka, hunturu ba lokacinta ba ne. Sai ta kaɗa 'yan kwanaki a jere, ta ɗauke ɗif, ka wuni kana kurɓar shayin Badawiyawa mai habak kana kallon tutar da ke bakin ruwa ta ƙi motsi.

Tun ranar farko mai kula da shagon ya ce min rigar roba mai gajeren hannu ta wadatar. Ba ta wadatar ba. A cikin ruwa lafiya lau, amma da ka hau allo jiƙe iskar arewa ta doke ka, haƙora sai karo. Doguwa mai kaurin milimita 3 ake buƙata, kuma tasu guda ɗaya da ta yi min daidai ɗinkin hammatarta a farke yake.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar da iska ta tashi da gaske, aka haɗa min filafili mai murabba'in mita 5.3 da allo mai lita 105. Ina dubawa sai na ga gwiwar robar nan da ke haɗa turken filafili da allo ta tsattsage a wuya, na lanƙwasa ta, tsagar ta buɗe baki. Na nuna wa mai shagon. Ya shafa ta da babban yatsa, ya yi murmushi ya ce, "Ya basha, wannan ai sai ta ga bayanmu ni da kai." Na zagaya bayan tudun yashi zuwa Speedy, inda ruwa ke kwance sumul, allo na gudu kamar ba ya taɓa ruwa. Ina tsakiyar gudu, ƙugiyar ɗamarata a maƙale da igiyar filafili, sai ji na yi ɓas! Turke ya tsinke daga gindi, ya daki hancin allo, na yi sama na faɗo. Igiyar da aka saka cikin robar don irin wannan rana ita ma ta ruɓe, ba ta riƙe komai ba.

Wanda bai san wurin ba ba zai gane abin tsoron ba. Iskar can ba gaɓa take tura ka ba, waje take yi da kai, wajen murjanin Napoleon, bayansa kuwa manyan raƙuman ruwan da ake kira Kamikaze ne. Hannu ɗaya a madaurin ƙafa na allo, ɗaya a filafili, na danna 'yar rediyon da suka rataya min, ko ƙyas. Batir ya mutu. Na yi ta salati, ruwa na kwarara ta hammatar rigar nan, yatsuna sun fara sandarewa.

Yaron ne ya hango ni ta madubin hangen nesa. Bai tsaya surutu ba, ya kwance filafilin ya naɗe cikin ruwa, ya ja ni ciki, ya tuɓe jaket ɗinsa ya yafa min, shi ya koma daga shi sai 'yar shara-shara. "Alhamdulillah ala salama, ya akhi," abin da ya ce ke nan. Allah Ya saka masa da alheri.

Muna isowa, ban ko bushe ba, mai shago ya durƙusa yana shafa hancin allo, wai gyara a kaina, inshorar da na biya ba ta haɗa da hanci ba. Kuma a yuro, ba a fam ɗin Masar ba! Na ce, "Malam, ba kai na nuna wa robar nan da safe ba?" Sai ma'alesh, ma'alesh. Da wani Bajamushe da ya ga lokacin da na nuna masa ya sa baki, nan take maganar ta mutu. Wato maganata ni kaɗai ba ta isa ba.

Gaskiya kashegari na tarar sun canza robobin allunan da yawa, suka ba ni sabon filafili fil, na yi ranar da ta fi kowace daɗi. Har na fara tunanin ƙara musu tauraro. Sai da na zo sallama na ga sun lissafa min hayar rigar roba mai farkakken ɗinki kullum-kullum, har da ranakun da babu iska, tana rataye a igiyarsu. Zan koma Dahab in Allah Ya so, wajen Afrilu ko Mayu, da rigata da robata a jaka, shagon kuma na gaba da su zan shiga.